Gwankin da Ya Rage a Kirari: Lacca kan Dajin Ruma

   

Babu ɗan ƙasar Ruma da bai san kirarin Ɗanwaire ba, jarumin da ya tsare wannan gefe na Katsina a ƙarshen ƙarni na 19: Gwanki sha bara. Kwanakin baya na tsaya gaban 'yan aji a wata makarantar sakandare, na tambaye su wa ya san kirarin. Kusan duka suka ɗaga hannu. Na ce to, wa ya taɓa ganin gwanki? Aka yi tsit. Can wani yaro daga baya ya ce yana jin tsuntsu ne. Ban ga laifinsa ba, domin tun kafin a haifi mahaifinsa dabbar ta bar dajinmu. Amma abin ya tsaya mini a rai, kuma shi ya sa da aka nemi in yi magana a yau na zaɓi in yi ta a kan daji.

Bari in fara gaya wa ɗalibai abin da ake kira gwanki. Dabba ce mai girman doki, jikinta ja-ja mai haɗe da toka, fuskarta baƙi da fari kamar an yi mata zane, ga dogayen kunnuwa masu tuntu a kai, ga ƙahoni masu gurbi-gurbi da suka lanƙwasa baya. Babban namiji yakan haura kilo 250. In aka matsa masa ba ya ba da baya: durƙusawa yake yi bisa gwiwa ya yi ta sara da ƙaho, kare ko mutum duk wanda ya matso ya ji a jikinsa. Maharbi yakan yi ta bararsa, kibiya ta shiga, ya tafi da ita. Mutanen da ba su laƙaba wa jaruminsu wannan suna a banza ba, sun ga dabbar da idonsu, sun san halinta.

Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne abin da gwanki ke buƙata kafin ya zauna a wuri. Yana son doguwar ciyawa irin gamba, domin a cikinta macen take ɓoye ɗanta na makonni bayan haihuwa. Yana son ruwa kusa, ba ya iya dogon ƙishi kamar barewa. Ba ya son cunkoso. Da zarar shanu sun aske ciyawa ƙasa-ƙasa, sai ya tashi. Saboda haka duk dajin da ka ji an ce akwai gwanki, ka san akwai gamba, akwai tabki da ke kai rani, akwai kuma sarari. Tashinsa shaida ce cewa ukun nan sun tafi.

Dajin da muke magana a kansa shi ne wanda takardun gwamnati suka sani da gandun Ruma da Kukar Jangarai, wasu su ce dajin Runka, jama'a kuma a yau sun fi cewa Rugu. Ya kwanta a yammacin Batsari da Safana, ya yi ɗaruruwan murabba'in kilomita, ya haɗe da dazuzzukan Zamfara ta wajen Zurmi, ta arewa kuma ya miƙa ta Jibiya ya nufi Babban Rafi a jihar Maraɗi. Ba daji ne mai duhu irin na kudu ba. Ruwan sama wata huɗu ne zuwa biyar, sauran shekara rani. Itatuwa a warwatse suke, ciyawa a tsakani, ga duwatsu nan da can, sai a bakin rafuka ne ake samun kurmi. Ruwan da ya sauka a wannan ƙasa yakan bi ta Bunsuru ya nufi Rima, ko ya bi ta Gada ya cika dam ɗin Jibiya ya wuce Maraɗi. Mai noman rani a Jibiya yana da hakki a dajin nan ko bai taɓa taka shi ba.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da asalinsa. Wannan daji bai kasance kango tun fil'azal ba. Wanda ya yi kiwo ko farauta a ciki ya san kufai: tsofaffin ganuwa da suka kwanta, rijiyoyi da suka cike, tarin kashin tama inda maƙera suka yi aiki, da kukoki a jere inda babu gida ko ɗaya. Kuka abokiyar zaman mutum ce. In ka ga sun yi cincirindo a tsakiyar dawa, gari ne ya taɓa zama a nan. Bayan da Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, tsofaffin sarakuna suka koma arewa suka kafa Maraɗi, sai ƙasar da ke tsakani ta zama filin yaƙi har kusan shekara ɗari. Mutane suka tattara cikin garuruwa masu ganuwa, ƙauyuka suka watse, gonaki suka koma saura, saura ta koma daji. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi ta Kurfi da Zakka zuwa Zurmi a watan Maris na 1853 a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi, ya kuma ba da labarin yadda ayari ke ratsa dajin da ke gaban Zakka cikin fargabar mahara. Tsoro ne ya raini wannan daji. Inda mutum ya kasa kwana, nan giwa da ɓauna da zaki suka samu wurin kwana.

Da Turawa suka ci Katsina a 1903 yaƙe-yaƙe suka kwanta, mutane suka fara fitowa da gatari. Sai doka ta maye gurbin tsoro. En'e ta shata iyaka, aka kafa turakun siminti, aka ɗauki malaman daji da masu gadi. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji, a 1965 ta yi dokar gandun kiwo. A shekarun 1960 ɗin ne, da taimakon Amurka, aka mai da wannan wuri ɗaya daga cikin gandayen kiwo na farko a Arewa: aka raba shi shiyya-shiyya don a riƙa hutar da wani sashe, aka haƙa dam-dam na ƙasa, aka kawo malaman dabbobi. Dattawan Fulani da ke zaune a nan sun fi ni sanin wannan zamani, kuma na san da yawansu in suka tuna sai sun yi ajiyar zuciya.

A ƙarshen wannan zamani na yi wayo. Kakana na wajen uwa maharbi ne, yana da burtu rataye a zaurensa. Ga ɗalibai: kan tsuntsun burtu ne da dogon bakinsa, a ɗora shi bisa lanƙwasasshen itace, maharbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe da baƙin zane, ya yi rarrafe cikin ciyawa yana sunkuyar da kai kamar mai tsince-tsince. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa. Sau ɗaya ya yarda na bi shi, ina da kamar shekara goma, da sanyin asuba a cikin hunturu. Ya ajiye ni gindin wata kanya ya ce ko tari kada in yi. Ina kallo, mutumin da na sani ya ɓace, sai tsuntsu ke tafiya: taku biyu, ya tsaya, ya karkata kai, ya kai baki ƙasa. Gaba kaɗan ga barewa uku suna kiwo, ɗaya ta ɗaga kai ta dube shi ta ci gaba da abinta. Ya kai kusa da su sosai, sai na ga ya tsaya, ya daɗe, ya juyo ba tare da ya ɗana kibiya ba. Da muka kama hanya na tambaye shi. Ya ce duk mata ne, kuma biyu suna da ciki. A ranar ne ya nuna mini sawun gwanki a laka bakin wani dam, ya fi tafin hannuna na lokacin faɗi. Ya ce shi kaɗai ne, tsoho ne, kuma ba ya jin za mu sake ganin irinsa. Sawun shi ne iyakar rabona da gwankin ƙasarmu.

Ba ina cewa maharban da waliyyai ne ba. Amma sana'ar tana da sarki, tana da lokaci, tana da abin kunya. Kibiya ɗaya dabba ɗaya take kashewa. Da fitilar goshi da bindiga da mota suka shigo, sai aka koma kashe garke a dare guda.

Daji kuwa gida ne da kowa ke riƙe da wani. Dubi dabgi: da dare yake fita ya fasa suri ya ci gara, ramin da ya haƙa ya bari shi ne ɗakin gadu, shi ne na beguwa, wani lokaci har kura. Kashe dabgi ɗaya rusa gidaje da yawa ne. Furen kuka da daddare yake buɗewa, jemage ne ke ɗaukar masa ƙurar haihuwa daga wannan itace zuwa wancan. Burtu ba ya saƙa gida a reshe, sai ya samu kogon tsohon itace, kuma da wuya ya raini fiye da ɗa guda a lokaci. In aka sare manyan itatuwa, ko ba a harbe shi ba ya ƙare. Aduwa da kanya da tsamiya da ɗanya, dabbobi ne suka shuka mafi yawansu, sun ci 'ya'yan a nan sun zubar da ƙwallon a can tare da takinsa. Gawo kuma, wanda Allah ya yi shi a juye, yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya tofo da rani ya ba dabba inuwa da abinci a lokacin da babu komai a ƙasa.

Ina so in tsaya kaɗan a kan ungulu, domin ba mai tausayinta. Muna yara, mahautar kowace kasuwa baƙi ƙirin take da su. Yau sai ka yi shekara ba ka ga ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta sa irin ungulun da muka sani a mataki mafi haɗari. Guba da ake sa wa mushe don kura ko karnuka tana kashe su da yawa, sannan ana sayen kawunansu don tsibbu. Ungulu ce ke share mushe kafin cuta ta yaɗu. Makiyayi ne na farko da zai ji rashinta. Haka gauraka, wadda Nijeriya ke kira tsuntsunta na ƙasa, ta kusa zama labari a fadamunmu.

Me ya cinye dajin? Ba abu ɗaya ba ne, kuma ba ƙabila ɗaya ba ce. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa, sun kuma koro garkunan arewa zuwa nan. Ciwon bushiya na 1983 ya karya makiyaya da yawa. Jama'a ta ƙaru: ƙidayar 1991 ta ba jihar Katsina mutum miliyan 3.7, ta 2006 ta ba ta miliyan 5.8, kuma kusan kowane gida da itace yake dafa tuwo. Manyan motoci suka yi ta fita da marke, ƙirya ta tafi a gawayi. Dam-dam suka cike da yashi babu mai yashe su. Masu gadi suka tsufa suka yi ritaya ba a ɗauki wasu ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na gani da idona, a wata shekara, wani mai riƙe da amanar daji yana auna wa masu kuɗi gonaki a cikin gandu, har da bakin mashaya da tsakiyar burtali. Talaka bai samu ba, makiyayi ya rasa hanya, wanda ya sa hannu ya tafi abinsa. Giwayen da ke kai-komo tsakanin gefenmu da Babban Rafi a shekarun 1980 da 1990 su ma suka daina zuwa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wurin da hukuma ta janye malamin daji da malamin dabbobi da malamin makaranta, wani ya shiga da bindiga. Ba sai na ba mutanen Batsari da Safana labarin abin da ya biyo baya ba. Akwai waɗanda ke zaune a wannan zaure da suka binne 'yan'uwa, akwai waɗanda suka sayar da gona suka biya fansa. Ba mu manta da harin Tsauwa da Ɗankar ba a watan Fabrairu na 2020, ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kora cikin daji a watan Disamba na 2020 ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu.

Saboda wannan ciwo ne ake jin wasu na cewa a share dajin baki ɗaya, a sa katafila ta kwantar da shi, kowa ya huta. Na fahimci zafin da ke sa mutum ya faɗi haka, kuma ba zan yi wa wanda aka kashe wa ɗa wa'azin itace ba. Amma ina roƙon a saurare ni. Dajin yau bai kai rabin duhun na zamanin kakana ba, kuma a wancan zamani mace takan ɗauko nono daga ruga ta ratsa shi ita kaɗai zuwa kasuwa. Da duhun itace ke haifar da ɓarawo, da a lokacin aka fi sata. Ɓarna ta zo ne bayan daji ya riga ya sirance. In aka share abin da ya rage, ɗan bindiga yana da babur, zai koma gaba. Mu da ba mu da inda za mu, mu za a bari da faƙo da ƙwazazzabai da iskar bazara mai binne shuka, ga makiyayi na kirki da ba shi da sauran wurin kiwo sai gonar maƙwabcinsa.

Wani kuma zai ce, ai tun da tsoro ya hana shiga, dajin zai farfaɗo kamar na zamanin Ɗanwaire. A wasu wurare gonakin da aka gudu aka bari sun fara yin sabara da kalgo, gaskiya ne. A 2021 ma gwamnatin jiha ta hana motocin itace fitowa daga daji cikin matakanta na tsaro. Amma wancan tsoro na da mashi da kibiya ne, kuma mahara wucewa suke yi. Na yau zaune yake a ciki, da bindiga mai sarrafa kanta da garkunan shanun sata, kuma duk abin da ya motsa nama ne. Ko da zai dawo da itace, babu mai hankalin da zai so dajin da aka saya da jinin mutane.

To ina mafita? Ni dai na gan ta a ƙetaren iyaka, wurin 'yan'uwanmu na Maraɗi, masu ƙarancin ruwa fiye da mu. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan manyan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Aka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon ka aske kututture, ka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka rage sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da ya sa ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba in ya sare reshe. A 1992 kuma Nijar ta yi dokar da ta ba ƙauyukan bakin daji, har da na Babban Rafi, ikon kafa kasuwannin itace nasu, a yanka musu adadin da za su sara, su riƙe kaso na haraji. Tsarin yana da nasa kurakurai, an samu inda aka wuce ƙa'ida. Duk da haka mutumin ƙauye ya zama mai gadi, domin ya ga abin da zai shiga aljihunsa.

Na gwada wannan a gonar da na gada. Akwai wani kututturen kalgo da mahaifina ya yi ta sassabewa tun ina yaro, ni ma na ci gaba. Wata bazara na sa fartanya na tona gefensa. Abin da ke sama bai kai gwiwata ba, amma saiwar da ke ƙasa ta kai kaurin cinyata, ɗanya shakaf, na kankare ta da farce ruwa ya fito. Na bar toho uku. Cikin shekara uku sun fi ni tsawo, ban ba su ko kofin ruwa ba, akuya ba ta iya da su ba. A shekara ta huɗu na iske kurciya ta yi sheƙa a kai. Irin wannan saiwa tana nan birjik a ƙarƙashin gonakin Ruma da Wagini da Runka da Zakka, tana nan a cikin gandun kansa.

Dabbobi ma sukan dawo in an ba su hali. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996. Da aka hana harbinsu aka kuma sa mutanen ƙauyuka cikin amfanin, sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi wasu aka kai gandun Gadabeji a arewacin jihar Maraɗi. A cikin gonakin mutane suke yawo, ba a bayan waya ba.

Iyayenmu hakimai, abin da nake roƙo ba ya jiran sai an gama yaƙi. Sassaben zamani a gonakin bakin gari za a fara shi, a bazarar nan, kuma yana buƙatar kalma ɗaya daga gare ku da hukumar daji: wanda ya raini itace a gonarsa, nasa ne. Kowane itacen da mace ta samu kirare daga gare shi a bayan gida ya rage mata shiga inda za a sace ta. Na biyu, a zaunar da dattawan maharba da na Fulani tun suna raye, ɗalibai su ɗauki biro, a rubuta sunan kowane tabki da dutse da burtali da mashaya, da inda turakun iyaka suke, da dabbar da aka saba gani a kowane wuri. Ranar da za a zauna rabon dajin nan bayan ƙura ta lafa, kuma za a zauna, masu kuɗi za su zo da takardunsu. Ya kamata manomi da makiyayi su zo da tasu, guda ɗaya, wadda suka rubuta tare.

In an yi haka, zabi da fakara ne za su fara dawowa, domin 'yar ciyawa kaɗan ta ishe su. Zomo da kurege suna nan dama. Bayan wasu shekaru, in an yashe dam biyu ko uku aka hutar da shiyya ɗaya daga kiwo, za a ga gada, wataƙila a ga barewa ta gangaro daga arewa. Gwanki shi ne na ƙarshe, sai gamba ta kai kafaɗar mutum, kuma da wuya ya zo da ƙafarsa, sai an kawo shi. Kafin nan ina roƙon shugabannin makarantunmu su haɗa kuɗin mota su kai yaran nan Yankari, a jihar Bauchi, inda har yanzu yake kiwo, su tsaya su dube shi da kyau.